Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Janar Oliver P. Smith da Yaƙin Tafkin Chosin

Ranar 19 ga Nuwamba 1950, a wani ƙauye da ake kira Hagaru-ri a gindin tafkin Chosin, cikin tsaunukan Koriya ta Arewa, injiniyoyin sojan Amurka suka fara kankare ƙasa da katafila don su fitar da filin saukar jirgin sama. Sanyi ya riga ya daskarar da ƙasar ta koma kamar fa, har sai da aka yi wa bakin katafilolin waldar haƙoran ƙarfe kafin su iya cizonta. Ba dare ba rana ake aikin, in duhu ya yi a kunna manyan fitilu a ci gaba. Manyan da ke hedkwata ba su ga dalilin wannan wahala ba. A lissafinsu yaƙi ya zo ƙarshe, abin da ya rage kawai a ruga zuwa kogin Yalu, iyakar Koriya da ƙasar Sin, sojoji su koma gida cin Kirsimeti. Wanda ya kafe a kan sai an yi filin shi ne Manjo Janar Oliver Prince Smith, kwamandan Dibishan ta Ɗaya ta sojojin Marin. Ranar 1 ga Disamba, tun aikin bai kai rabi ba, jirgin farko ya sauka a kansa. Cikin kwana biyar aka kwashe mutum sama da 4,000 ta wannan fili, masu raunin harsashi da waɗanda sanyi ya kashe wa yatsu, a daidai lokacin da rundunonin Sin suka datse hanya gaba da baya.

Yawancin masu ba da labarin Chosin sun fi karkata ga makonni biyun da aka yi ana ɗauki-ba-daɗi, daga daren 27 ga Nuwamba zuwa 11 ga Disamba, kuma akwai abin faɗi a ciki ƙwarai. Hujjata a wannan maƙala ita ce an ceci rundunar ne tun kafin wannan dare, a makonni ukun da Smith ya yi yana jan ƙafa da gangan alhali ana ta ingiza shi ya yi sauri. Wannan kuwa ya jawo tambayar da ta fi labarin yaƙin nauyi a wurina: yaushe jinkirin hafsa wajen cika umurni yake zama riƙon amana, yaushe kuma yake zama tawaye? Mu da muka ɗanɗana mulkin soja ba za mu ɗauki wannan tambaya da wasa ba, don mun ga abin da ke biyo baya idan mai kaki ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya fi na gaba da shi sani.

Sojojin Marin runduna ce ta daban a ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwan Amurka. Aikinta na gado shi ne a ɗauko ta a jiragen ruwa, a sauke ta a gaɓar abokan gaba, ta buɗe hanya da ƙarfin tsiya. Tana alfahari da hafsoshi masu zafin kai irin su Lewis Puller, waɗanda ake hirar rashin tsoronsu a bariki. Smith bai yi kama da su ba ko kaɗan. An haife shi a garin Menard na jihar Texas a 1893, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, uwarsa ta rene shi a Kalifoniya cikin rashi. Ya gama jami'ar Berkeley a 1916, ya shiga soja a 1917, amma maimakon fagen daga na Faransa inda tsararrakinsa suka yi suna, sai aka tura shi tsibirin Guam. Ya yi shekara uku a Haiti lokacin mamayar Amurka, a rundunar 'yan sandan da 'yan mamayar suka kafa, aikin da ba shi da maraba da na mulkin mallaka. Daga nan ya yi makarantar sojan ƙasa ta Fort Benning, sannan daga 1934 zuwa 1936 ya yi babbar makarantar yaƙi ta Faransa a birnin Paris. Dogo ne siriri mai furfura, ba ya ɗaga murya, ba ya ashar, kullum da lofe a baki, kuma ba ya kwana bai rubuta abin da ya wakana a littafinsa ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Farfesa.

A ganina, darasin da ya fi zama masa a rai a tsibirin Peleliu ya koye shi, a 1944. Lokacin shi ne mataimakin kwamandan Dibishan ta Ɗaya, Janar William Rupertus, wanda ya faɗa wa sojojinsa tun kafin a sauka cewa kwana uku ko huɗu za a gama. Aka sauka ranar 15 ga Satumba, aka tarar Japanawa sun haƙa koguna a cikin duwatsu sun shige, sai an bi su kogo-kogo. Faɗan ya haura wata biyu. Rajimantin Puller ta rasa fiye da rabin mutanenta, tsakanin matattu da masu rauni, a cikin mako guda, amma Rupertus ya ƙi karɓar agajin sojan ƙasa da ke jira, sai da na gaba da shi, Janar Roy Geiger, ya tilasta masa. Smith yana wurin, ba a neman shawararsa, yana kallon abin da kan faru idan kwamanda ya yanke ranar gamawa tun bai san abokin karawarsa ba, sannan ya riƙa biyan bashin alkawarinsa da rayukan yara. A shekarar da ta biyo ya yi aiki a hedkwatar Janar Simon Buckner a Okinawa, inda ya laƙanci yadda sojan ƙasa ke tunani da yadda takardun umurninsu ke tafiya. Wannan sani ya yi masa rana daga baya.

Koriya ta Arewa ta afka wa ta Kudu ranar 25 ga Yuni 1950. A Yuli aka ba Smith Dibishan ta Ɗaya, aka harhaɗa masa ita cikin 'yan makonni, har da sojojin wucin gadi da aka kirawo daga gidajensu. Aka sa shi ƙarƙashin Babbar Runduna ta Goma, wadda Janar Douglas MacArthur ya danƙa wa na hannun damansa, Manjo Janar Edward Almond. Tun haɗuwarsu ta farko a Tokyo jininsu bai haɗu ba: Almond ya riƙa ce masa "ɗana", alhali wata goma ne kacal tsakaninsu. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, tun da ba waƙar yabo nake rubutawa ba. A kan saukar Inchon, Smith na cikin masu ɗari-ɗari. Ruwan teku a wurin yakan hau ya sauka da kusan mita 9, in ya janye sai taɓo, ga katangar bakin teku, ga birni a bayanta. Ya so a sauka a wani wuri kudu da nan, aka yi watsi da shawararsa, kuma ranar 15 ga Satumba MacArthur ne ya yi gaskiya. Taka-tsantsan ba kullum yake cin riba ba. Sai dai nasarar Inchon ta haifi wata cuta: daga ranar babu wanda ke iya ce wa MacArthur a'a, ko a Tokyo ko a Washington. An ga alamarta a Seoul, inda Almond ya matsa lallai sai an karɓe birnin ranar 25 ga Satumba don ta cika wata uku cif da fara yaƙi, har aka ba da sanarwar an karɓe shi alhali ana ta faɗa titi-titi sai ranar 28.

Akwai wani abu game da Almond da bai kamata a tsallake ba. A Yaƙin Duniya na Biyu shi ya jagoranci Dibishan ta 92 a Italiya, wadda sojojinta baƙaƙen fata ne, kuma da abubuwa suka cije sai ya ɗora laifin a kan launin fatarsu. Mutumin da ya saba auna ƙarfin soja da ma'aunin launin fata, da wannan ma'aunin ya auna Sinawa. Ko bayan sun kai hari, ya je ya faɗa wa sojojin da aka yi wa ƙawanya kada su bari wasu 'yan wanki da guga su tsayar da su. A wurin hafsan da ke da alhakin dubban rayuka, raina abokin gaba kuskuren leƙen asiri ne tun kafin ya zama mugun hali, domin yana toshe kunne daga duk rahoton da bai dace da rainin ba.

Rahotanni kuwa sun zo. Ranar 15 ga Oktoba MacArthur ya tabbatar wa Shugaba Truman a tsibirin Wake cewa da wuya Sin ta shiga yaƙin. Kwana huɗu bayan haka sojojinta suka fara ƙetare Yalu da daddare. Rundunar Smith ta sauka a Wonsan ranar 26 ga Oktoba, bayan nakiyoyin da aka dasa a teku sun tsare ta kwanaki, aka ce ta nufi arewa. Daga 2 ga Nuwamba rajimanti ta 7 ƙarƙashin Kanar Homer Litzenberg ta yi kwanaki tana gwabzawa da Dibishan ta 124 ta Sin a Sudong. Fursunonin da aka kama suka faɗi sunayen rundunoninsu ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ƙauyawa suna ta kawo labarin baƙin sojoji sun cika duwatsu. Sai kwatsam Sinawan suka ɓace. A Tokyo aka fassara ɓacewar da tsoro. Smith ya dubi wani abu dabam: a mashigin dutse na Funchilin akwai wata gada a jikin ginin tashar wutar lantarki, inda in aka karya ta babu motar da za ta wuce, amma Sinawa suka janye suka bar ta lafiya lau. Ya fahimci so suke ya haye.

Sai a dubi hanyar. Daga tashar jiragen ruwa ta Hungnam zuwa Yudam-ni, ƙarshen inda rundunar ta kai, kilomita 125 ne, bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba. Amma hanya ce tilo ta tsakuwa, wadda daga Chinhung-ni take hawa tana kewaya jikin dutse, faɗinta na mota ɗaya, dutse a hannu guda, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Daga Koto-ri zuwa Hagaru-ri kilomita 18, daga nan zuwa Yudam-ni kilomita 22 ta wani mashigin mai suna Toktong. Duk harsashi, duk gwangwanin abinci, duk mai raunin da za a mayar baya, ta wannan zare ɗaya zai bi. Ta yamma kuwa, tsakaninsa da Runduna ta Takwas ta Janar Walton Walker akwai tsaunuka na kusan kilomita 130 da babu sojan ƙawance ko ɗaya.

Ga abin da Smith ya yi. Bai taɓa cewa ba zai je ba. Kowane umurni ya karɓa, kowace rana rundunarsa ta matsa gaba, amma da ƙyar take cin kilomita biyu a yini. Litzenberg ya isa Koto-ri ranar 10 ga wata, daren da sanyin farko ya sauko daga Manchuriya, bai shiga Hagaru-ri ba sai wajen tsakiyar wata. A tsakanin nan injiniyoyi suna faɗaɗa hanya don tankokin yaƙi su iya hawa, manyan motoci suna jibge harsasai da man fetur da abinci a Koto-ri da Hagaru-ri. Almond ya so ya warwatsa rajimantocin uku kowace ta kama gabanta. Smith ya yi ta jayayya da shi har ya samu rajimanti ta 5 ta Raymond Murray ta bi sawun ta 7, aka kuma ɗauko ta Puller daga kudu aka zuba bataliyoyinta a Chinhung-ni da Koto-ri da Hagaru-ri su tsare hanya. Ranar 15 ga Nuwamba ya rubuta wa shugaban rundunar Marin, Janar Clifton Cates, wasiƙa inda ya ce gefensa na hagu a buɗe yake, ba ya jin daɗin a shimfiɗa dibishan guda a kan hanyar dutse tilo, kuma bai amince da basirar yaƙi ta hedkwatar Almond ba. Ko a cikin 'yan gidansu bai sami goyon baya sosai ba, domin Janar Lemuel Shepherd, babban hafsan Marin na yankin Pasifik, ya ba shi shawarar ya bi Almond a zauna lafiya.

Bahaushe na cewa bin na gaba bin Allah, kuma babu rundunar da za ta tsaya in kowane hafsa sai ya auna umurni da ra'ayinsa kafin ya bi. Saboda haka dole a tambaya ko abin da Smith ya yi ba tawaye ba ne da aka yi wa lulluɓi. Ina ganin ba shi ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda ya yi abin. Manufar yaƙin, a je Yalu ko kada a je, bai taɓa ta ba, don ba huruminsa ba ce. Abin da ya riƙe shi ne abin da kowace ƙa'idar soja ta bar wa kwamandan da ke fage: saurin tafiya, jerin rundunoni, tanadin guzuri, da yadda za a kwashe masu rauni. Ƙorafinsa bai ɓoye shi ba, ya faɗa wa Almond ido da ido, ya kuma rubuta shi da sunansa, ta yadda in an ga dama a tuɓe shi a kawo wani. Bai kai ƙara wurin 'yan jarida ko 'yan siyasa ba. Wasiƙarsa ga Cates ce kaɗai za a iya cewa ta bi ta bayan gida, tun da Cates ba ya cikin jerin masu ba shi umurnin yaƙi, amma shi ne uban rundunar da za a hallaka, yana da haƙƙin sani. A gwada wannan da MacArthur, wanda ya riƙa saɓa wa manufar zaɓaɓɓen shugaban ƙasa a bainar jama'a har Truman ya tuɓe shi ranar 11 ga Afrilu 1951. Dukansu biyu sun ga sun fi na gaba da su sani. Ɗaya ya tsaya a iyakar aikinsa ya ɗauki kasadar a kore shi, ɗayan ya nemi ya ƙwace hurumin da ba nasa ba.

Ranar 27 ga Nuwamba aka umurci rajimantocin biyu da ke Yudam-ni su kutsa yamma, tafiyar kusan kilomita 90 cikin tsaunuka, don su agaza wa Runduna ta Takwas wadda tuni Sinawa suka fara tarwatsawa. A daren nan rundunar Janar Song Shilun, mutum kusan 120,000 da suka yi makonni suna tafiyar dare suna ɓuya da rana, ta sauko da busar begila da usur. Kafin gari ya waye an datse hanyar a wurare da yawa. Sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Mu da ke kukan hunturu in hazo ya sauko, da wuya mu iya kwatanta wannan: ruwan jinin da ake ƙara wa masu rauni ya daskare a kwalba, ma'aikatan jinya suna sa allurar kashe zafi a bakinsu don ta narke, zufar ƙafa tana zama ƙanƙara a cikin takalmi, bindiga tana cijewa. A mashigin Toktong kamfani guda ƙarƙashin Kyaftin William Barber ya riƙe tudu kwana biyar, shi kansa Barber da harsashi a jikinsa ana ɗauke da shi a gadon marasa lafiya yana zagaya ramukan yaransa, har bataliyar Laftanar Kanar Raymond Davis ta ratso tsaunuka da daddare ta iske su.

Smith ya sauka Hagaru-ri a helikwafta ranar 28, ya kafa hedkwata a tsakiyar ƙawanyar, ba shi da mataimaki don an kira Janar Edward Craig gida mahaifinsa na kan gargara. Masu tsaron garin ba su kai bataliya cikakkiya ba, sai aka ba masu dafa abinci da akawuna da direbobi bindigogi. Injiniyoyin filin jirgi kan sauko daga katafila su yi harbi, su koma su ci gaba da kankara. Ranar 30 Almond, wanda kwana biyu da suka wuce yake cewa a ci gaba, ya zo ya ce a gaggauta zuwa teku, ya ba da izinin a ƙone duk kayan da za su kawo jinkiri. Smith ya amsa masa cewa saurinsa ya danganta da kwashe masu rauni, kayan kuwa da su zai yi yaƙin fita. Ranar 5 ga Disamba Janar William Tunner na sojan sama ya yi tayin kwashe rundunar duka ta jirgi, ya sake ƙi. Lissafinsa a fili yake: duk jirgin da ya tashi masu tsaron fili sun ragu, na ƙarshe babu mai kare su, ga mutanen Puller da za a bari su kaɗai a Koto-ri. Maimakon haka, jiragen da ke zuwa ɗaukar masu rauni suka riƙa kawo masa sabbin sojoji, sama da 500. Da wani ɗan jarida ya tambaye shi game da ja da baya, ya yi masa bayanin malami, cewa wanda aka kewaye ba shi da bayan da zai ja, duk inda ya nufa hari ne. Jaridu suka gyara maganar suka ƙara mata gishiri, har da kalmar ashar.

Yadda aka fita ma akwai hannunsa a ciki. Ayarin motoci yana kan hanya, sojojin ƙafa suna bin tuddai dama da hagu suna share su kafin ayarin ya matsa, jiragen Marin da na sojan ruwa suna shawagi a sama muddin akwai haske. Mutum 10,000 da motoci 1,000 suka yi sa'a 38 kafin su ci kilomita 18 zuwa Koto-ri. Gadar Funchilin kuwa, kamar yadda ya yi zato, Sinawa sun karya ta, aka gyara suka sake karyawa. Babban injiniyansa, Laftanar Kanar John Partridge, ya zaga wurin a ƙaramin jirgi ya auna giɓin da ido, ya nemi a jefo masa gada daga sama, abin da ba a taɓa yi ba. Gwajin farko ya lalace don laimar ta yi ƙanƙanta, aka kawo manya daga Japan. Ranar 7 ga Disamba jirage takwas suka jefo ɓangarori takwas na ƙarfe, kowanne ya fi tan ɗaya. Ɗaya ya faɗa wajen Sinawa, ɗaya ya lanƙwashe, shida suka tsira, huɗu ake buƙata. Ranar 9 aka shimfiɗa ta. Da wata katafila ta fasa katakon tsakiya, Partridge ya daidaita tazarar ƙarafan biyu ta yadda sarƙar tanki da tayar ƙaramar jif duka za su hau, da ƙyar, direbobi suna bin hasken tocila cikin dare da rami a ƙarƙashinsu. Ranar 11 ga wata na ƙarshe suka sauko.

To, akwai abubuwan da ke kan wuyan Smith, kuma mai son a yarda da hujjarsa ba zai ɓoye su ba. Duk jan ƙafarsa, a ƙarshe ya bar rajimanti biyu sun kai Yudam-ni, ƙarshen zaren. Ranar 29 ga Nuwamba shi ya umurci ayarin Laftanar Kanar Douglas Drysdale na sojojin Birtaniya, mutum kusan 900 har da Amurkawa, da ya kutsa daga Koto-ri zuwa Hagaru-ri ko ta halin ƙaƙa, bayan Drysdale ya sanar da shi irin wutar da ke gabansa. Ƙasa da rabinsu ne suka isa, ɗaruruwa aka kashe ko aka raunata ko aka kama. Ana iya kare wannan da cewa in Hagaru-ri ta faɗi kowa ya hallaka, kuma tankoki da sojojin da suka isa sun taimaka wajen riƙe ta a daren da ya biyo. Na yarda da wannan kariya, amma ta nuna cewa mai taka-tsantsan ma yana sayen wasu rayuka da wasu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne batun sojojin ƙasa na rajimanti ta 31 da ke gabashin tafkin, mutum wajen 2,500, waɗanda Almond ya jefa can a gaggauce ba shiri. Sai bayan an kewaye su aka sa su ƙarƙashin Smith, shi kuma ba shi da sojan da zai tura; ya ba su jiragen sama ya ce su fito da kansu. Ranar 1 ga Disamba ayarinsu ya tarwatse, aka kashe kwamandansu Laftanar Kanar Don Faith, aka hallaka masu rauni a cikin motoci. Kimanin 1,000 ne suka kai Hagaru-ri, da yawa da rarrafe a kan ƙanƙarar tafkin, kuma 385 kaɗai ke iya riƙe bindiga. Rashin tura agaji ina iya fahimtarsa. Abin da ba na iya karewa shi ne da aka zo ba rundunar lambar yabo ta shugaban ƙasa, Smith bai sa su a ciki ba, aka bar su shekaru da tabon ragwanta. Daga baya, da aka duba bayanan ɓangaren Sin, aka gane cewa dibishan biyu suka tare kwana huɗu, waɗanda da sun sami hanya da Hagaru-ri za su afka wa tun filin jirgi bai buɗe ba. Sai a 1999 aka ba su lambar. Mutumin da ya fi kowa karanta fagen nan daidai, a nan kishin gida ya rufe masa ido.

Wani zai ce sa'a ce da jiragen sama da sanyi suka cece shi. Akwai gaskiya a ciki. Sojojin Song Shilun daga kudu maso gabashin Sin aka kwaso su, yawancinsu da takalman zane, ba safar hannu, abincinsu daskararren dankali, ba manyan bindigogi, ba isassun rediyo. Alƙaluman Sin da kansu sun nuna asarar mutum sama da 48,000, kuma waɗanda sanyi ya kayar sun fi waɗanda harsashi ya kayar. Amurkawa sun iske wasu a ramukansu sun sandare da bindiga a hannu. Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma su ma manyansu sun tura su cikin gaggawa ba tanadi. Amma a yamma, a Kunu-ri, Dibishan ta 2 ta sojan ƙasan Amurka tana da jiragen sama iri ɗaya, abokin gaba iri ɗaya, a mako guda, ta bi hanya ba tare da share tuddai ba, ta rasa dubban mutane da mafi yawan manyan bindigoginta. Rundunar Smith ta yi asarar sama da 4,000 a faɗa da sama da 7,000 ta sanyi da cuta, amma ta sauko a matsayin runduna, da masu rauninta da yawancin motocinta da bindigoginta, kuma cikin 'yan makonni ta koma fage.

Kada kuma a manta cewa Chosin kaye ne. Sin ta kori sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya daga Koriya ta Arewa, shi ya sa har yau take bikin wannan yaƙi da sunansa na asali, Changjin. Chosin lafazin taswirorin Japan ne da Amurkawa suka yi aiki da su. Dubban fararen hula suka biyo ayarin cikin dusar ƙanƙara, aka riƙa tsare su a baya don tsoron Sinawa na saje da su, kuma da aka tarwatsa gadar Funchilin bayan wucewar soja akwai waɗanda suka rage a wancan gefen. Waɗanda suka kai Hungnam, sama da 90,000 aka kwashe a jiragen ruwa tare da soja 105,000 kafin 24 ga Disamba, cikinsu har da iyayen Moon Jae-in, wanda ya zama shugaban Koriya ta Kudu a 2017.

A Fabrairun 1951 aka ƙara wa Almond girma. A watan ne kuma Janar Matthew Ridgway, sabon kwamandan Runduna ta Takwas, ya danƙa wa Smith riƙon Babbar Runduna ta Tara ta sojan ƙasa bayan rasuwar kwamandanta, kafin a aiko da wani daga cikin nasu ya karɓa bayan 'yan kwanaki. Ya bar Koriya a Afrilu, ya yi ritaya a 1955 da tauraro huɗu, ya rasu a Los Altos ta Kalifoniya ranar 25 ga Disamba 1977.

Gawarwakin mutanensa ma ya so ya fito da su, kuma an fitar da wasu ta jirgi, wasu a ɗaure a kan motoci da bakin manyan bindigogi. A Koto-ri wuri ya ƙare. Ranar 8 ga Disamba, ana zubar dusar ƙanƙara, katafila ta haƙa rami guda a daskararriyar ƙasa, aka jera mutum 117, sojojin Marin da na ƙasa da na Birtaniya, Smith yana tsaye a bakin ramin har aka gama addu'a. Aka auna wurin aka sa shi a taswira. A 1954, bayan tsagaita wuta, aka yi musayar gawarwaki tsakanin ɓangarorin biyu, aka mayar da da yawa daga cikinsu gida.